Sayen sassaƙa da bugun zane na zamani a Lome: suna, adadi da takarda

Hausawa sun daɗe da hannu a cinikin sassaƙa. Daga rumfunan Lome zuwa kasuwannin Abijan, har rumbunan ajiya na New York, 'yan kasuwarmu sun ci abinci da fuskokin katako da mutum-mutumin tagulla shekara da shekaru, har Christopher Steiner ya rubuta littafi a kansu a 1994 bayan ya zauna da su a Abijan. Sai dai wancan ciniki a kan tsufa aka gina shi. Mai saye so yake a ce masa abin daga wani ƙauye ya fito, an yi rawa da shi, an yi masa yanka, kuma ba wanda ya san masassaƙinsa. Shi ya sa aka ƙware wajen turara sabon katako da hayaƙi, a goga masa goro da toka, a binne shi gara ta ɗan taɓa. Cinikin fasahar zamani ba haka yake tafiya ba, kuma wanda ya shigo shi da ɗabi'ar wancan zai tafka asara. A nan darajar abu tana rataye ne da sunan wanda ya yi shi, da shekarar da ya yi shi, da yawan irinsa a duniya, da hannayen da ya bi kafin ya iso gare ka. Don haka mazaunin unguwar Bè ko Zongo a Lome da ke son fara tara irin waɗannan kaya, abin da ya fi masa shi ne ya sayi aikin mai fasaha da ke raye, ya karɓi shaida a rubuce tun ranar ciniki, sannan ya nemi hanyar da jama'a za su ga kayan.

Kafin a zaro ko dala, sai ido ya yi karatu, kuma Lome ba ta rasa makaranta ba. Tsohuwar fadar gwamna da Jamusawa suka gina a bakin teku tsakanin 1898 da 1905 an gyara ta, an buɗe ta a 2019 da sunan Palais de Lomé, ana baje ayyukan masu fasahar Togo da na sauran Afirka a cikinta. Paul Ahyi, wanda ya tsara tutar Togo kuma yake da hannu a ginin tunawa da 'yancin kai, ya rasu a 2010 ya bar ayyuka a bango da filayen birnin, kowa na iya tsayawa ya kalla kyauta. Cibiyar al'adun Faransa da ta Goethe suna shirya baje koli, kuma wanda ya tsallaka Benin zai tarar da gidan fasaha na gidauniyar Zinsou a Ouidah. A yi wata da watanni ana zuwa ana kallo, ana karanta ƙaramar takardar da ke gefen kowane aiki, ana riƙe sunayen da ido ke komawa kansu. A hankali mutum zai rarrabe aikin mai fasaha da kayan tsaraba irin na Village Artisanal, inda giwa ɗaya take da 'yan'uwa ɗari. Kayan tsaraba sana'a ce ta halal, kuma wasu suna da kyau ƙwarai, amma a saye su da kuɗin tsaraba. Idan suna ya kwanta wa mutum a rai, sai ya nemi ɗakin aikin mai shi ya je da ƙafarsa. Sayen sassaƙa ta hoton WhatsApp cinikin biri a sama ne, domin hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna tsaga, ba ya nuna bayan abu.

Bugun zane shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, kuma a nan aka fi cutar sabon shiga. Bugu na asali aiki ne da mai fasaha ya shirya tun farko don a buga shi da hannu. Wani yakan fafe allon katako ko na roba da wuƙa, ya shafa tawada a inda bai fafe ba, ya danna takarda a kai. Wani yakan rufe farantin jan ƙarfe da kaki, ya yi zane da allura, ya tsoma a ruwan asid ya ci layukan, sannan ya cusa tawada cikin ramukan ya bi da shi ta injin matsi. Akwai mai zane a kan dutse da alli mai maiƙo, akwai kuma mai tura tawada ta raga, dabarar da masu buga rigunan kamfen suke amfani da ita. Kowace hanya tana barin sawunta. Bugun faranti yakan bar ɗan kwarmi mai kusurwa huɗu a jikin takarda, inda gefen ƙarfen ya nutse, kuma idan aka haska fitilar waya daga gefe za a ga layin tawadar ya ɗan tashi sama. Bugun raga launinsa shimfiɗe yake, mai kauri, gefensa a yanke tsaf. Wanda ya sa madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, ya ga launin ya watse ya zama ɗigo-ɗigo na shuɗi da ja da rawaya da baƙi, to hoton aiki ne injin ɗab'i ya fitar, ko da an sa masa hannu. Wasu masu fasahar yau da kwamfuta suke aiki, injin ne ke fitar musu da asalin aikin, wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa kuma an ƙayyade adadi.

Daga nan sai a karanta farin gefen da ke ƙasa. Bisa al'ada da fensir ake rubutu a wurin: lamba a hagu, sunan aikin a tsakiya, sa hannu da shekara a dama. Lamba irin 7/30 tana nufin wannan ne na 7 cikin 30 da aka buga. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci za a ga E.A. a kan 'yan kwafin da mai fasaha ya keɓe wa kansa, da H.C. a kan waɗanda ba a yi niyyar sayarwa ba. Na 1 bai fi na 30 daraja don lambarsa ba, abin dubawa shi ne jimillar da ke ƙarƙashin layi da kuma ko an tsaya a kanta. A tambayi mai aikin kai tsaye: ina farantin yake yanzu, an soke shi ko za a sake bugawa? Labarin zanen Tutu na Ben Enwonwu ya isa darasi. Hotunansa na ɗab'i sun rataya a ɗakuna da yawa a Najeriya, amma asalin zanen da aka gano a wani gida a Landan shi aka sayar a gwanjon Bonhams a 2018 kan fam miliyan 1.2, kuma wannan bai ƙara wa hotunan bango ko sisi ba. A ɗaya gefen ga Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, wanda ya gina sunansa a kan bugu. Takardunsa masu lamba da sa hannu suna shiga gwanjo da gidajen tarihi domin kowace ɗaya daga hannunsa ta fito.

Sassaƙa kuma da hannu ake gwada ta. Katako a ɗaga shi a ji nauyi, a juya ƙasansa inda ba a cika shafa komai ba. Abin da ake kira baƙin icen kanya sau da yawa farin katako ne da ya sha man takalmi, farin ƙyalle mai ɗan danshi zai tona asiri. A tambaya ko icen ya bushe kafin a sassaƙa shi, domin ɗanyen ice zai tsage komai daren daɗewa. Tagulla tana da sanyi a tafin hannu, tana da nauyi, tana amsawa idan an ƙwanƙwasa ta da farce. Wadda ta yi sauƙi kuma ba ta amo, roba ce aka gauraya da garin ƙarfe. Yawancin tagullar yankinmu zubin kaki ce, irin na maƙeran Benin ta Najeriya da Wagadugu da Fumban: a ƙera siffar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba ƙarfe a gurbinsa, a fasa yumɓun. Idan da hannu aka ƙera kakin, abin ɗaya ne tilo. Idan kuwa akwai mazubi da ake fitar da kakin daga ciki, ana iya zuba goma ko ɗari, don haka dole a san adadi. A Faransa ƙa'ida ta tsayar da zubi na asali a kan 8 masu lamba da 4 na mai fasaha, kuma ma'auni ne mai kyau ko a nan. Algus ɗin da ya fi yawa shi ne a ɗauki mazubi daga jikin tagullar da aka riga aka gama. Irin wannan yakan fito ɗan ƙarami fiye da na asali, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce, kuma sawun yatsa da na wuƙa sukan dushe. Wanda ya san ainihin tsawon aikin, awo kaɗai ya ishe shi.

Ciniki a ɗakin mai fasaha ba a yi masa tayin wulaƙanci. A nemi ragi da mutunci, ko a nemi biya kashi-kashi, a ba da kafin alƙalami. Gidajen baje koli da ke wakiltar masu fasaha sukan ɗauki har rabin kuɗin, shi ya sa farashinsu ke da tauri, kuma zagayawa ta bayansu don a sami araha yakan ɓata tsakanin mai fasaha da wanda ke tallata shi, daga baya darajar aikin da ka saya ce za ta sha wuya. Ko ta hannun wa aka saya, takardar ta ƙunshi sunan mai aikin, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi shi da su, tsawo da faɗi da santimita, lambar kwafi da jimilla, kuɗin da aka biya, kwanan wata da sa hannu, a maƙala hoton aikin gaba da baya. Idan dillali ne ya kawo, a ba shi la'adarsa, amma ya faɗi daga hannun wa ya karɓo, a rubuta. A kuma sani cewa sayen aiki bai ba mutum ikon buga hotonsa a kalanda ko atamfa ba. Wannan haƙƙi yana nan wurin mai fasaha, kuma a Togo akwai ofishin BUTODRA da ke kula da shi.

Dattijon Zongo zai ce wannan duk ɗabi'ar Turawa ce, mu da amana muke ciniki, kuma takarda ma ai ana ƙirƙirar ta. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Michel Agier, wanda ya yi nazarin fataken Zongon Lome ya wallafa a 1983, ya nuna yadda cinikin shanu ke tafiya bisa bashi da lamunin mai gida, ba tare da wani rubutu mai yawa ba. Amma wannan tsari yana aiki ne domin kowa ya san kowa, kuma cikin 'yan kwanaki an yanka saniya an biya kuɗi magana ta ƙare. Sassaƙa takan fi shaidunta tsawon rai. Bayan shekara 40 mai sayarwa ya rasu, dillali ya koma Dogon Dutsi, magada ne za su tsaya gaban wani baƙo da bai taɓa jin sunan kakansu ba. Zongon da kansa an tashe shi daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da shi arewacin birni, maƙwabta suka rarrabu. Rubutu kuwa ba baƙonmu ba ne, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Batun takardar jabu kuma shi ne babban dalilin da ya sa na ce a sayi aikin rayayye: waya ɗaya zuwa ga mai aikin ta raba gardama, abin da ba zai yiwu ba a kan wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Wani zai ce ai ribar tana wajen tsofaffin kaya. A da haka ne, yanzu hanyar ta cika da ƙaya. Kawunan yumɓu na Nok da na Sakkwato da Katsina, da tukwanen Bura na Nijar, suna cikin jerin kayan haɗari da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000, kuma dokokin ƙasashensu sun hana fitar da su. Tun da Faransa ta mayar wa Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021, manyan masu saye da gidajen gwanjo sun ƙara tsananta tambaya a kan asali. Tsohon abu marar takarda dai ɗayan biyu ne: in na gaske ne, mai yiwuwa haƙo shi aka yi ta ɓarauniyar hanya, in kuwa ba na gaske ba ne, to an saya da tsada a banza. Hauren giwa kada ma a kusance shi, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma a tashar jirgin ruwan Lome aka kama kusan tan 4 a 2014. Ko icen maɗobiya yanzu fitar da shi sai da izini.

Tambayar da ta fi nauyi a gidan Musulmi ita ce ta hukunci. Hadisai sun yi magana mai tsanani a kan siffanta mai rai, kuma yawancin malamai sun fi tsanantawa a kan abin da ke da jiki da inuwa. Wannan hurumin malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da za a iya faɗa ta fuskar fasaha shi ne, mutum zai iya tara kaya masu daraja ba tare da ya shigar da siffar mutum ko dabba gidansa ba. Kaso mai yawa na sassaƙar zamani siffa ce zalla, lanƙwasa da rami da nauyi. El Anatsui, ɗan Anyako da ke tsallaken iyakar Aflao, wanda ya koyar a Nsukka tun 1975 kuma ya karɓi lambar yabo ta Venice a 2015, manyan ayyukansa shimfiɗu ne na ƙarfe da aka ɗinke da wayar jan ƙarfe (da marafen kwalaben giya yake yin su, wanda wannan ma wata tambayar ce ga malam). Rachid Koraïchi na Aljeriya ya gina bugunsa da sassaƙarsa a kan harafin Larabci da alamomi. Wanda ya tashi yana ganin zayyanar allo da dagi a jikin soro ba sai an koya masa son irin wannan aiki ba.

Bayan saye sai riƙo, kuma Bè wuri ne mai wuyar sha'ani ga kayan fasaha: teku a kudu, tafki a arewa, iska ɗauke da gishiri da laima kusan duk shekara. Takarda ita ce farkon wadda ke jin jiki. A sa ta a firam da kwali marar asid wanda zai hana ta manne wa gilashi, kada a kusance ta da salatif ko gam, a bar ɗan tazara tsakanin firam da bango don iska ta wuce, kuma a guji bangon da ruwan sama ke duka ta waje da wanda rana ke haskawa. Ɗigo mai launin ruwan ƙasa a jikin takarda alamar funfuna ce ta fara. Wadda ba a rataye ba a kwantar da ita a shimfiɗe, ba a naɗe ba. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kunnuwa tana mutuwa da ɗaukewar wuta ta fi fanka ɓarna, domin hawa da saukar laima shi ke kumbura kaya yana tsuke su. Katako kada ya zauna a kan siminti, a ɗora shi a kan wani abu, a riƙa leƙa ƙarƙashinsa. In an ga garin ice mai laushi ya taru, ƙwaro na ciki, a ware shi daga sauran nan take. Tagulla kuwa kada a goge ta da man goge ƙarfe don ta yi ƙyalli, launin fatarta na cikin aikin. Busasshen ƙyalle da ɗan kaki marar launi sun wadatar. Tabo mai launin kore-kore da ke fitar da gari shi ne ciwon da gishiri ke jawowa, yana ci yana zurfi, sai a kai wa wanda ya san gyara.

Mutanenmu ba sa son nuna dukiya, don tsoron ɓarawo da bakin mutane, kuma wasu za su ce a kulle kaya a ɗaki ya fi. A cinikin zamani ɓoyo rage daraja yake. Duk baje kolin da aiki ya shiga, da duk littafin baje koli da hotonsa ya fito, ƙarin shaida ne cewa a shekara kaza yana hannun wane kuma mai shi ya amince nasa ne. Aikin da aka sani kuma ya fi wuyar sayarwa ga ɓarawo. Wanda ba ya son sunansa ya fito sai a rubuta cewa daga tarin wani mutum ne a Lome. Ba sai an jira babbar fada ba, zauren makaranta ko na ƙungiya ya isa idan yana da ƙofa mai kulle da mai gadi. A rage yawan kaya, aiki 12 da sarari tsakaninsu sun fi 40 a cunkushe. Tsakiyar kowane bugu ya zo daidai ido, kimanin santimita 150 daga ƙasa, sassaƙa kuma a ɗora ta a kan dakali mai ƙarfi inda za a iya zagaya ta. Kowane aiki da 'yar takardarsa a Faransanci, in an ƙara Hausa da Ewe ya fi. Aikin takarda kada ya wuce wata 3 a ƙarƙashin fitila. Idan wata cibiya ce ta nemi aro, a rubuta ranar ɗauka da ta mayarwa, da ƙimar kuɗi, da wanda zai biya in an sami ɓarna, a ɗauki hoton kowane tabo kafin kaya su bar gida. A gayyaci masu fasahar su zo su yi bayani da bakinsu, a ajiye takardar gayyata da hotunan ranar tare da rasit.

Mai neman riba ta kusa ya nemi wata hajar. Kasuwar sake sayarwa a Lome ƙarama ce, yawancin ayyuka ba za su taɓa ninka kuɗinsu ba, kuma gidajen gwanjo na Legas da Landan suna cire la'ada mai kauri daga ɓangarorin biyu. A sayi abin da za a iya zama da shi, da kuɗin da ba na jari ba. In kuwa tafiya ta kama, ko za a kai kaya gida Kano ko Maraɗi, rasit ɗin mai fasaha shi zai nuna wa jami'an duwan a Cinkassé ko Hilakondji cewa ba kayan tarihi ba ne, kuma a nemi takardar izini daga hukumar al'adu tun kafin ranar tafiya. Katakon da ya saba da laimar bakin teku idan aka sauke shi a Kano tsakiyar hunturu yana iya tsagewa cikin 'yan kwanaki. A yi jigilar da damina, a naɗe shi da tsumma mai tsabta cikin akwati, in an isa a bar shi a rufe a ɗaki mai inuwa na wasu makonni, ana buɗe akwatin kaɗan-kaɗan.